Tabulet a Matsayin Allo na Biyu: Wace Hanya Ce Ta Dace da Kwamfutarka da Aljihunka?

Duk wanda ya taɓa zama yana kwashe alƙaluma daga takardar PDF yana zuba su cikin Excel a kan laftop mai inci 14 ya san inda gizo ke saƙar. Ka buɗe wannan shafi, ka sauke wancan, ka koma ka duba, kafin ka dawo ka manta ko 4,750 ka gani ko 4,570. Maganin wannan wahala allo na biyu ne, kuma da yake gidaje da ofisoshi da dama suna da tabulet a ajiye wadda ba ta da wani aiki sai kallon yara da karatu jefi-jefi, tambayar da ke zuwa wa mutum ita ce ko za ta iya zama allon na biyu, a huta da sayen monita. Tana iyawa. Sai dai hanyoyin yin hakan suna da yawa, kuma wadda ta yi wa mai MacBook daidai ba ta da amfani ko kaɗan ga mai tsohuwar HP ko Dell da aka sayo hannu na biyu, don haka ya kamata a auna su ɗaya bayan ɗaya kafin a sauke wata manhaja ko a fitar da ko sisi.

Abin da ke faruwa idan an haɗa su

Kafar da ke jikin tabulet, ta USB-C ce ko ta Lightning, ba a yi ta don karɓar hoto daga wata na'ura ba. Caji take karɓa, bayanai suna shiga suna fita ta cikinta, wasu ma suna fitar da hoto zuwa talabijin, amma idan ka jawo kebul ɗin HDMI daga laftop ka cusa mata ta adafta, babu abin da zai bayyana. 'Yan ƙalilan ne suka fita zakka, kamar Lenovo Yoga Tab 13 ta 2021 wadda aka yi wa kafar micro-HDMI ta shigar da hoto. Abin da manhajojin nan suke yi dabara ce kawai: suna sa kwamfuta ta ɗauka an jona mata monita alhali ba a jona ba, kwamfutar ta zana hoton wannan monita ta gaibu, manhajar ta matse hoton kamar yadda ake matse bidiyo, ta tura shi ta Wi-Fi ko ta kebul, sannan tabulet ɗin ta warware shi ta nuna. Wato mai kallon tabulet ɗin bidiyon kwamfutarsa yake kallo kai tsaye. Duk wani alheri da duk wani aibi na wannan tsari daga nan ya taso.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne dacewa da na'urorin da ke hannunka, domin rabin hanyoyin za su faɗi tun a nan, kuma babu amfanin yaba abin da ba zai tashi a kwamfutarka ba.

Na biyu shi ne jinkiri, kuma shi ne ya fi raba mutane da wannan tsari bayan mako ɗaya. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ba kowane hoto kusan milisakan 17 ne kacal. Idan matsewa da turawa da warwarewa suka ci fiye da haka, sai kibiyar linzami ta riƙa bin hannunka a baya, rubutu kuma ya ɗan dushe yayin da kake gungura shafi sannan ya washe idan ka tsaya. Ga mai ajiye WhatsApp ko takardar da yake karantawa a allo na biyu, wannan ba komai ba ne. Ga mai zane ko mai tace bidiyo, abin yana cin rai. Na taɓa aiki a wani ɗaki inda da sassafe komai ke tafiya sumul, amma da zarar abokan aiki sun iso wayoyinsu sun hau MiFi ɗin da muke rabawa, sai kibiyar ta fara ɗingishi, ta tsaya cak, ta yi tsalle ta bayyana a wani gefe. Laifin ba na manhajar ba ne. Ƙananan MiFi da yawa a zangon 2.4GHz kaɗai suke aiki, shi kuwa wannan zango tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma kowace rauta ta maƙwabta a nan take cinkoso. Zangon 5GHz ya fi sarari, kebul kuma ya fi su duka.

Na uku shi ne girman allo, wanda mutane kan manta har sai sun gani da idonsu. Ɗauki farar takarda A4 ka ninka ta biyu: abin da ke hannunka daidai yake da allon tabulet mai inci 10. Takardar a buɗe kuwa ta ɗan haura inci 14 daga kusurwa zuwa kusurwa. Windows da macOS an tsara su ne don manyan allo, saboda haka a kan inci 10 ko dai rubutu ya yi ƙanana ka riƙa sunkuyawa, ko ka ƙara girmansa filin aikin ya tsuke. Daga inci 12 zuwa sama, kamar iPad Pro mai 12.9 ko Galaxy Tab S8 Ultra mai 14.6, nan ne abin ya fara kama da monita ta gaske.

Na huɗu kuɗi ne, kuma ba yawansa kaɗai ba, har da yadda ake biyansa. Manhajar da ake biya sau ɗaya daban take da wadda ke cire dala duk shekara, musamman ga wanda ya san wahalar da katin naira kan bayar wajen biyan kuɗi a waje, ga kuma farashin canji da ba ya zama wuri ɗaya. A gefe guda akwai albishir: hoton da ke tafiya tsakanin kwamfuta da tabulet a cikin ɗaki ɗaya ba ya fita intanet, don haka ba ya cin data, ko da kuwa ta MiFi ya bi.

Na biyar shi ne wuta da zafi, wanda a wurinmu shi ne ainihin maganar ƙarko. Tabulet tana da batir nata, don haka idan aka ɗauke wuta allo na biyu ba ya mutuwa, kuma wannan babbar falala ce da monitar tebur ba ta da ita. Amma akwai abin lura. Kafar USB 2.0 ta tsohuwar laftop wat 2.5 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma wat 4.5, alhali tabulet mai haske a buɗe tana warware bidiyo tana iya cin fiye da haka, sai ka ga alamar caji tana nan amma batir yana raguwa a hankali. Idan kuwa cajin ya wadata, sai wata matsalar ta taso, domin batirin litiyam ba ya son zama a cike ɗari bisa ɗari cikin zafi na tsawon watanni. Kamfanin Apple ya ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da ya kamata a yi aiki da iPad, ga shi kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu yana haura digiri 40 ba tare da wani mamaki ba. Na ga tabulet da aka bari a jone kusa da taga tsawon bazara guda, batirin ya kumbura har ya ɗaga gilashin daga gefe, farce yana shiga tsakaninsa da jiki. Sababbin tabulet na Samsung da sababbin iPad suna da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kuma duk mai niyyar barin tasa a jone kullum ya fara neman wannan saiti.

Na shida tsaro ne. Duk abin da ka ɗora a allo na biyu, ko da shafin banki ne, shi ake turawa, kuma direba, wato 'yar manhajar da ke ƙirƙirar monitar gaibu, yana shiga can cikin tsarin kwamfuta. Wannan ya isa dalilin da zai hana mutum karɓar kwafin manhaja da aka fasa daga hannun masu loda manhajoji a kasuwa, komai arharsa.

Sidecar: ga mai Mac da iPad

Apple ya fito da Sidecar a 2019 tare da macOS Catalina da iPadOS 13, kuma yana cikin na'urorin tun daga kamfani, ba a saukewa, ba a biya. Ta fuskar sauƙi babu na biyunsa: ka ɗora kibiya a kan koren maɓallin da ke saman kowace taga, ka zaɓi a mayar da ita kan iPad, shi ke nan. Yana aiki ta kebul, yana aiki ta iska muddin na'urorin ba su wuce mita 10 tsakaninsu ba, jinkirinsa kuma kaɗan ne domin kamfani ɗaya ne ya ƙera ɓangarorin biyu. Mai Apple Pencil zai iya zane a cikin manhajojin Mac kai tsaye, har da bambancin nauyin dannawa.

Sharuɗɗansa ne masu tsauri. MacBook Pro sai daga ta 2016, MacBook Air da Mac mini daga 2018, iPad ta gama-gari daga ƙarni na 6, iPad Air daga na 3, iPad mini daga na 5, sai iPad Pro kowace iri. Wanda ya sayi MacBook Air ta 2017 hannu na biyu, wadda har yanzu tana yawo a kasuwa, ba ya ciki. Dole kuma na'urorin biyu su kasance a kan asusun Apple guda mai tabbatarwa ta mataki biyu, abin da ke nufin ba za ka ari iPad ɗin uwargida ko ta ɗanka ka jona haka kawai ba, sai an fitar da asusunsu an shigar da naka. Haɗi ta iska ba ya yiwuwa idan iPad ɗin tana raba datar layinta ga wasu na'urori, ko Mac ɗin tana raba nata intanet. Sannan an gina shi ne don alƙalami da linzami, yatsa yana gungura shafi amma ba shi ne abin danna maɓallan Mac ba, wanda ke ba sababbin shiga mamaki.

Kada a rikita shi da Universal Control na 2022. Shi wannan linzami da kibod ɗaya yake ba ka ka sarrafa na'urorin biyu, amma iPad tana nan a iPad ɗinta da manhajojinta, ba ta zama allon Mac ba. Ga wanda burinsa ya buɗe takarda a gefe yana karantawa, sau da yawa wannan ma ya wadatar.

Second screen na Samsung da Miracast

Daga Galaxy Tab S7, ta sabuntawar One UI 3.1 a farkon 2021, Samsung ya sa wa manyan tabulet ɗinsa wani maɓalli mai suna Second screen. Ana kunna shi a tabulet, a danna maɓallin Windows tare da K a kwamfuta, a zaɓi sunan tabulet ɗin, sannan a danna Windows tare da P a zaɓi faɗaɗa allo maimakon maimaita shi. Kyauta ne, ba ya buƙatar direba na musamman, ba ya ma buƙatar rauta domin na'urorin suna magana da juna kai tsaye ta fasahar Miracast. Yana ba da zaɓi biyu, ɗaya mai saurin amsawa don zane, ɗaya mai santsin hoto don bidiyo.

Rauninsa biyu ne. Kwamfutar sai ta kasance da Windows 10 sigar 2004 ko sama, kuma katin Wi-Fi ɗinta da katin hotonta su yarda da Miracast, abin da kwamfutar tebur marar Wi-Fi da wasu tsofaffin laftop ba su cika ba. Gwajin ba shi da wuya, domin danna Windows da K zai gaya maka nan take ko na'urarka tana iyawa. Na biyu, jinkirin Miracast ana ganinsa, kuma ingancinsa ya dogara ƙwarai da katin Wi-Fi na kwamfutar, har ta kai laftop biyu a kan tebur ɗaya da tabulet ɗaya suna iya ba da sakamako mabambanci. Ƙananan tabulet na jerin Galaxy Tab A, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'a, yawanci ba su da wannan maɓalli. Mai tabulet ta Windows irin su Surface yana da makamancin wannan hanya, idan ya ƙara fasalin Wireless Display daga saitunan Windows ya buɗe mata karɓar hoto.

spacedesk: ga mai Windows da kowace irin tabulet

A ganina wannan ce hanyar da ta fi shafar mafi yawan masu karanta wannan rubutu, domin haɗin da ya fi yawa a wurinmu shi ne laftop mai Windows da tabulet mai Android, ko wace ƙira ce. Wani kamfanin Jamus mai suna datronicsoft ne ke yin ta. Ana sa direba a kwamfuta, a sa manhajar kallo a tabulet, idan suna kan Wi-Fi ɗaya sai sunan kwamfutar ya bayyana da kansa a danna. Manhajar kallon tana samuwa a Android da iPad da Windows, ana ma iya buɗe ta a burauza, wanda ke ba tsofaffin na'urori damar shiga. Kyauta ce ga amfanin ƙashin kai, kamfani ko ofis kuwa lasisi ake so ya saya, kuma wannan sharaɗi ne da mai kasuwanci ya kamata ya karanta kafin ya ɗora ta a kwamfutocin ma'aikatansa.

Ta fuskar sauƙi tana ƙasa da biyun farko. Wani lokaci katangar tsaro ta Windows ko manhajar kashe bairos tana tare haɗin, musamman idan an yi wa Wi-Fi ɗin alamar na jama'a ne maimakon na gida, sai tabulet ta yi ta nema ba ta ga kwamfutar ba. Amma tana ba da abin da sauran ba sa bayarwa, wato ikon rage ingancin hoto da yawan hotuna a daƙiƙa da yawan ɗigon allo har a sami daidaiton da tsohuwar na'ura za ta ɗauka. Tana kuma aiki ta kebul ɗin USB, kuma a nan ne take nuna ƙarfinta, domin ko USB 2.0 mai megabit 480 a daƙiƙa ya ishi matsattsen hoto, ga shi babu ruwansa da cinkoson iska.

A kan kebul akwai tarkon da ya ci mini yammaci guda. Na sauke direba na sake sawa har sau uku, na kashe kwamfuta na kunna, tabulet tana caji lafiya amma kwamfuta ba ta san da zamanta ba. Ashe kebul ɗin da na saya a bakin hanya wayoyin caji ne kaɗai a cikinsa, babu na bayanai. Gwajinsa ɗaya ne: jona tabulet da kwamfuta, idan ba ka ga zaɓin tura fayil ya fito ba, sauya kebul kafin ka zargi manhaja.

Haɗarinta yana kan Wi-Fi na tarayya. A makaranta ko otal ko ofis mai mutane da yawa, duk wanda ke da manhajar kallon yana iya ganin sunan kwamfutarka a jerinsa muddin direban yana kunne, saboda haka a kashe shi idan an gama, ko a tsaya ga kebul. Nauyin matse hoto kuma yana kan kwamfutar, don haka laftop mai tsohon Core i3 da RAM gigabait 4 za ta ji a jikinta, fanka ta riƙa kuka, batir ya ƙare da wuri.

Manhajojin da ake biya

Duet Display ta girmi Sidecar, tun 2014 take, kuma tsofaffin injiniyoyin Apple ne suka kafa ta. Ƙarfinta shi ne tsallake iyakar kamfanoni: iPad da Windows, Android da Mac, tsohuwar Mac da Sidecar ya ƙi, duk tana haɗawa. A da sau ɗaya ake sayenta, yanzu ta koma biyan kuɗi lokaci-lokaci tare da buɗe asusu, kuma idan ka lissafa kuɗin shekara biyu ko uku sai ka tarar ya kusa sayen ƙaramar monita wadda za ta zama taka har ta mutu. Wanda ya fi cin moriyarta shi ne mai iPad da kwamfutar da ba ta dace da Sidecar ba, wanda kuma aikinsa yana kawo kuɗin da zai biya ta.

SuperDisplay ta Windows da Android ce kawai, ana gwada ta kyauta na 'yan kwanaki sannan a biya sau ɗaya. Masu zane ne suka fi son ta domin tana isar da nauyin dannawar alƙalami irin S Pen zuwa manhajoji kamar Photoshop da Krita, kuma ta kebul jinkirinta ɗan kaɗan ne. Mai Galaxy Tab da S Pen wanda yake tunanin sayen allon zane na Wacom ko Huion ya fara gwada wannan. Idan manhaja irin wannan ta nemi a kunna saitin USB debugging a tabulet, a kashe shi bayan an gama, domin ƙofa ce da ke ba kwamfutar da aka yarda da ita iko mai yawa a kan na'urar.

Luna Display ta kamfanin Astropad wani ɗan ƙaramin abu ne da ake cusawa a kafar kwamfuta, Mac ko Windows, ya haɗa ta da iPad. Tana da kyau, amma kaya ne da sai an yi odarsa daga waje, da kuɗin jirgi a kai, don haka ban ga dalilin fara neman ta ba sai sauran sun gaza.

Katin ɗaukar hoton HDMI

Wannan hanya ba a cika ambatonta ba, alhali tana warware wata matsala ta musamman. Katin ɗan ƙaramin abu ne kamar filashi, gefe ɗaya yana karɓar HDMI, ɗayan yana shiga tabulet ta USB-C, sai tabulet ta ɗauke shi a matsayin kyamara. Tun iPadOS 17 na 2023 iPad masu USB-C suna karɓar irinsa, da manhaja kamar Orion, tabulet na Android da yawa ma suna karɓa ta manhajojin kyamarar USB. Kwamfutar ba ta buƙatar a sa mata komai, domin a wurinta monita ce ta gaske aka jona. Ga ma'aikacin da kwamfutar ofis ta hana shi sa kowace manhaja, ko mai Linux, ko mai gyaran kwamfutocin tebur da ke son allo a cikin jaka, babu kamar wannan. Masu arha ba su kai dala 20 a kasuwannin waje ba, sai dai da yawansu hotuna 30 kawai suke bayarwa a daƙiƙa a kan 1080p duk da abin da aka rubuta a kwali, jinkiri yana nan, kuma taɓa allon tabulet ba ya komawa kwamfuta ko kaɗan.

Monitar tafi-da-gidanka, abokiyar gasar da ba tabulet ba

Ba a yi adalci ba idan aka bar ta a waje, domin ita ce amsar mutane da yawa da suka fara da tambayar tabulet. Allo ne siriri mai inci 14 zuwa 15.6, yawanci mai ɗigo 1920 da 1080, irin su ASUS ZenScreen da Lenovo ThinkVision M14 da tarin wasu marasa sanannen suna da ake samu ƙasa da dala 100 a waje. Babu matse hoto, babu direba, babu jinkiri, babu abin da ke bi ta iska balle a yi maganar tsaro. Mafi yawansu ba su da batir, don haka babu abin da zai kumbura, amma daga laftop suke shan wuta, kuma idan babu lantarki za ka ga awannin batirinka sun ragu sosai. Abin da za a tabbatar shi ne kafar USB-C ta laftop tana fitar da hoto, domin ba kowace ce ke yi ba. Idan ba ta yi, kuma monitar tana da kafar HDMI, sai a bi ta nan a ƙara kebul na biyu don wuta, wanda fawa banki ma yana iya bayarwa. Jikinta kuma ba shi da ƙwarin tabulet, dannawa ɗaya a cikin jaka cikin cunkoson mota tana iya fasa ta.

| Hanya | Na'urorin da take haɗawa | Kuɗi | Sauƙi | Jinkiri | Babban aibi |
|---|---|---|---|---|---|
| Sidecar | Mac da iPad na baya-bayan nan | Kyauta | Mafi sauƙi | Kaɗan | Asusu ɗaya, tsofaffin na'urori ba sa ciki |
| Second screen | Windows da Galaxy Tab S7 zuwa sama | Kyauta | Mai sauƙi | Ana ganinsa | Ya dogara da Miracast na kwamfuta |
| spacedesk | Windows da kusan kowace tabulet | Kyauta ga amfanin kai | Yana son saiti | Kaɗan ta kebul, mai yawa a cinkoson Wi-Fi | Tsaro a Wi-Fi na tarayya |
| Duet Display | Mac ko Windows da iPad ko Android | Biya lokaci-lokaci | Mai sauƙi | Kaɗan ta kebul | Kuɗi ba ya ƙarewa |
| SuperDisplay | Windows da Android | Biya sau ɗaya | Matsakaici | Kaɗan ta kebul | Babu Mac, babu iPad |
| Katin HDMI | Duk na'ura mai HDMI da tabulet mai USB-C | Arha | Matsakaici | Ana ganinsa | Taɓa allo ba ya aiki |
| Monitar tafi-da-gidanka | Duk kwamfuta mai fitar da hoto | Mafi tsada | Jona kawai | Babu | Tana shan batirin laftop, tana fashewa |

Wa ya dace da me

Mai Mac da iPad waɗanda suka cika sharuɗɗa ba shi da abin nema bayan Sidecar, kuma idan zai daɗe a zaune ya yi amfani da kebul don iPad ɗin ta sami caji. Idan Mac ɗin ta tsufa, Duet ce mafita, amma ya yi lissafin shekaru kafin ya sa katinsa.

Ɗalibi ko malami ko ma'aikaci mai laftop ta Windows da tabulet ta Android, wanda abin da yake so a allo na biyu shi ne takardar da yake kwafa, ko fuskokin mahalarta taron Zoom, ko bidiyon darasi yana bi yana gwadawa, spacedesk ta kebul ta ishe shi, kuma kuɗin da zai kashe bai wuce na kebul mai kyau da ɗan abin jingina tabulet ba. Idan tabulet ɗinsa Galaxy Tab S7 ce ko sama, ya fara gwada maɓallin Samsung tunda minti biyu ne, in jinkirin ya dame shi ya koma kebul.

Mai zane da alƙalami ya duba SuperDisplay idan Android ce a hannunsa, Sidecar idan iPad ce da Mac. Wanda kwamfutar wurin aiki ta ɗaure masa hannu ya nemi katin HDMI, bayan ya tambayi masu kula da kwamfutocin ofishin ko an yarda. Mai tace bidiyo ko gyaran launin hoto kada ya dogara da launin da matsattsen hoto ke nunawa, ya ajiye kayan aiki da jerin fayiloli a tabulet, hoton da yake aunawa ya zauna a babban allo.

Saura wanda ba shi da tabulet ɗin ma tukuna, yana tunanin sayenta musamman don wannan aiki. Shawarata gare shi ita ce kada ya saya. Kuɗin tabulet mai girman da zai gamsar sun ninka na monitar tafi-da-gidanka, kuma idan aikinsa a tebur ɗaya yake kullum yana da sola ko inbata, monitar tebur mai inci 22 ko 24 ta hannu na biyu, wadda cinta bai wuce wat 20 zuwa 30 ba, ta fi duka biyun sarari da arha. Ko wacce zai saya, a Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, ya tafi da laftop ɗinsa a jaka, a jona a gabansa da kebul ɗin da za a ba shi, ya buɗe farin shafi sannan baƙi ya duba ɗigo da tabo a kusurwoyi huɗu kafin ya ƙirga kuɗi.